Indararon Inna Yalwa

Ta Sallah mai kitso ce ta fara ba ni labarin nan, kaina na kan cinyarta tana yi mini shuku. 'Yar Funtuwa ce, kuma ta ce unguwarsu ɗaya da tsohuwar da abin ya faru da ita. Tun da ta fara nake tsaki ina ɗaga kai, har sai da ta dungure ni ta ce in natsu kar tsaga ta karkace. Na riƙe shi a raina, yau ga shi na kawo muku, ku jikokina da iyayenku. Akwai tambaya a ƙarshe, kuma ban yarda wani ya ce mini "Allah masani" ya zame ba. Allah masani ne, na sani. Ni bakinku nake son ji.

Sunan tsohuwar Inna Yalwa. Mijinta Malam Tanko direban babbar mota ne. Da fari a soron ƙasa suke zaune, a filin da ta gada wurin ubanta. Ku yaran yanzu ba ku san soro ba. Duk shekara, kafin hadari ya fara haɗuwa a gabas, sai an hau an yi masa yaɓe, an shafe da makuba, wato ruwan ɓawon ɗorawa, an zira hannu cikin indararo an fitar da duk abin da iska ta tara. Ba wanda ake tuna wa. Da Allah ya buɗa wa Malam Tanko, sai ya rushe soron ya yi ginin bulo da siminti, ya zuba rufin kankare, wanda magina ke ce wa dakin. Ya kewaye saman da rawani, wato 'yar gajeriyar katangar bakin rufi, ya bar indararo ɗaya ta baya, inda rufin ya ɗan gangara. Ruwan kan sauka a tsakar gidan amininsa Malam Gide, ya bi rariya ya fita titi, ba wanda ya taɓa cewa uffan. A saman kuma ya bar rodi tsaitsaye a kan kowane ginshiƙi, kamar karan dawa bayan girbi. Yakan nuna mata su ya ce, "Yalwa, bene za mu ɗora a nan, ki riƙa hango motata tun daga kwana."

Bai ɗora ba, Allah ya karɓi abinsa. Amma tun yana raye ya mallaka mata ginin a gaban shaidu, tunda filin nata ne. Ya bar ta da gidan, da rodin, da 'ya'ya uku: Sallau, Ɗanlami, da autarsu Lantana. Duk sun yi aure sun fita, mazan biyu suna haya a wasu unguwanni.

To ga wautar da ta ci su, kuma tana cin mu har yau. Ranar da muka bar ginin ƙasa muka koma siminti, sai muka ɗauka mun yi sallama da yaɓe har tashin ƙiyama. Wai kankare dutse ne, ba ya ci ba ya sha. Ƙarya ne. Yana sha, a hankali dai yake sha, ba ya bari a gani.

Sallau, babban, ɗan kasuwa ne, yadi yake sayarwa, mutum ne mai son farin kaya da guga, mai saurin hawa. Wata rana ya zo gaida uwarsa, Malam Gide ya tsayar da shi a ƙofar gida, akwai mutane zaune. Ya ce, "Sallau, ruwan nan naku ya fara cin gindin katangata. Ka shigo mu duba yadda za a yi masa hanya." Maganar ke nan, ba zagi ba gori. Amma Sallau ya ji kamar an tozarta shi a gaban jama'a. Ya ce, "Ruwanmu ne ya tsone maka ido? To daga yau ko ɗigo ba za ka ƙara gani ba." Aminin ubansa fa! Ya kwaɓa siminti da hannunsa, ya hau, ya ɗura shi cikin indararon, ya toshe shi ƙam. Inna Yalwa na tsaye a ƙasa. Ɗan fari ne, ko sunansa ba ta faɗi, balle ta yi masa faɗa. Abin da ta iya cewa kawai, "Kai, ruwan fa, ina zai bi?" Ya ce, "Inna, kankare ne fa, ba soro ba. Rana za ta shanye shi." Daga ranar ya daina gaida Malam Gide, ko a masallaci suka haɗu sai ya kau da kai.

Ɗanlami, na tsakiya, shi ya fi ba ni haushi a lokacin da nake saurare, domin birkila ne, gidajen mutane yake ginawa, ya san abin da ruwa ke yi. Shi idonsa na kan rodin nan. Yana tsoron kada yayansa ya riga shi ɗora bene, ga shi ba shi da ƙarfin ginawa. Sai ya sa aka hau da yashi aka jibge a saman, tuli guda, aka jera bulo a gefe, don kowa ya san an kama wuri. Ya bar su nan damina bayan damina. Yashi ya sha ruwa ya riƙe, ko rana ta fito ƙarƙashinsa jiƙe yake. Ciyawa ta fito. Tsuntsu ya yi kashi, ceɗiya ta tsira, ta zira saiwa tana neman inda za ta shiga, ta kuwa samu. Rodin ubansu ya yi tsatsa, ruwa na bin jikinsa yana gangarawa cikin ginshiƙi. In uwar ta ce, "Ɗanlami, na ga itace a samanmu," sai ya yi dariya ya ce, "Inna, inuwa Allah ya ba ki. Kwanan nan zan fara aiki."

Lantana kuwa gidan masu hali ta yi aure, kuma duk Sallah dangin mijinta kan zo gaida uwarta. Da bangon ɗakin Inna ya fara kumbura, fenti na ɓamɓarewa kamar ɓawon albasa, farin gishiri na tsattsafowa, ba ciwon ya dame ta ba, idon baƙi ya dame ta. Sai ta turo mai fenti ana gobe jajibere, ta ce a shafa mai sheƙi, mai mai, irin na ƙofar ƙarfe. Mai fentin ya dafa bangon ya ce, "Hajiya, wannan fa jiƙe yake, in na rufe shi ruwan ba shi da mafita." Ta ce, "Malam, shawara na kira ka ka ba ni ko fenti? Shafa." Ya shafa. Wata Sallah kore, wata Sallah ruwan hoda, wata ruwan madara. Har tsagar da ta fito a rufin, daidai saman gadon uwarta, aka bi da fenti aka lulluɓe. Baƙi su zo su ce, "Kai, Inna, ɗakin nan kamar na amarya." Su tafi, bango ya yi ƙuraje, in ka latsa ɗaya ruwa ya fito.

Haka tsohuwar nan ta zauna a ƙarƙashin tafki. Kwanonin jerenta na aure, waɗanda ba ta yarda ko jika ya taɓa, su ta sauko da su ta jera a ƙasa suna tarar yoyo. Katifarta ta yi wari, funfuna ta yi baƙi a bayan kabad. Tari ya kama ta, ta ce mura ce. 'Ya'ya uku suna shiga suna fita, suna tsallake kwanoni suna cewa, "Sannu Inna, ya jiki?" Ba wanda ya ɗaga kai sama. Wallahi in na tuna wannan wurin har yanzu sai raina ya ɓaci.

Ana cikin ƙarshen damina, wata rana bayan azahar tana kwance zazzaɓi ya rufe ta, sai ta ji kiran la'asar. Ta lallaɓa ta tashi ta ɗauki buta. Ba ta kai bakin ƙofa ba ta ji rugum a bayanta. Ɓangaren rufin ne ya ɓallo, faɗinsa ya kai faifai biyu, ya faɗo daidai kan matashin da ta ɗaga kanta. Ta waiwaya ta ga rodi ja wur da tsatsa a sama, ruwa na bin sa. Nan ta zube ƙasa. Matan maƙwabta ne suka ji ƙarar suka shigo.

A asibiti likita ya ce sanyi da funfuna sun ci ƙirjinta. Ya ce in ta koma ɗakin nan yadda yake, kada a sake kawo masa ita, don ba abin da zai iya. Sallau ɗaki ɗaya da falo yake haya da yara, Ɗanlami ma haka. Sai Lantana ta ɗauke ta zuwa gidanta. Mijin mutumin kirki ne, ɗaki mafi kyau ya ba ta. Amma kun san tsohuwa da gidan suruki. In yana gida ba ta cin abinci, ba ta fitowa ko kewayawa, tari ma sai ta danne shi da mayafi kada ya ji. Magani na shiga, jiki na zubewa. Rannan ta tara su uku ta ce, "Ni dai in damina ta dawo, a ɗakina za ta same ni. In ya gyaru, to. In bai gyaru ba, ya rufta a kaina, a fitar da ni daga inda aka fitar da ubanku." Suka san ba wasa take ba. A lokacin ne kunya ta kama su, kowa ya tuna abin da hannunsa ya yi.

Sallau ne ya fara, don ba aikin da zai yiwu ruwa na kwance a sama. An duba ko za a juya indararon wani gefe, ba hali: dama da hagu gidaje ne manne da su, gaba kuma ya fi tudu, in aka ce a cike a juya gangaren, nauyin ya fi ƙarfin rufin. Hanya ɗaya ce, ta gidan Malam Gide. Sallau ya je majalisarsa a gindin darbejiya, jama'a cike, ya tuɓe takalmi ya durƙusa a ƙasa da farar shaddarsa. Malam Gide ya bar shi a durƙushe ya ci gaba da hirarsa, can ya juyo ya ce, "Wa nake gani haka? Ba kai ne mai ko ɗigo ba?" Sallau ya ce, "Ni ne, Baba. Hanyar ruwa na zo roƙo." Tsohon ya ce, "Matata ta rasu, bango ɗaya tsakanina da uwarka, ba ka tako ka ce mini ya haƙuri ba. Yau ruwa ya kawo ka. Tashi ka ba ni wuri." Aka yi dariya, wasu suka sunkuyar da kai. Sallau ya tashi ya tafi. Washegari ya dawo ya durƙusa a wurin. Ya yi ta dawowa, 'yan kasuwa suka samu abin tsokana, in ya shigo layi sai a ce ga mai roƙon ruwa. Mutumin da ko kallon banza ba ya ɗauka ya haɗiye duka. Ranar da Malam Gide ya sauko, sai ya ce, "Don Yalwa, ba don kai ba. A sa bututu daga indararon a binne shi har titi, a gyara gindin katangata. Kuma ban yarda da lebura a tsakar gidana ba, akwai mata. Kai na sani tun kana tsumma, kai za ka haƙa." Sallau ya tuɓe riga ya kama diga, hannun da bai san komai ba sai auna yadi ya yi kanta ya fashe. Ya haƙa, ya binne bututu, ya gyara katanga. Sannan ya hau sama ya fasa simintin da ya ɗura da hannunsa. Ruwan da ya fito baƙi ƙirin, har da talibambam.

Ɗanlami ya karɓa. Ya ajiye duk aikin da ake kiransa, iyalinsa suka koma cin abin da ya samu. Yashin da ya sa aka hau da shi, shi ya sauke shi da kwanon sarki a kansa, yana hawa tsani yana sauka, har wuyansa ya ƙage. Ya tumɓuke ceɗiya ya bi saiwarta ɗaya bayan ɗaya. Ya ɗauki guduma da ƙarfe mai kaifi ya bi kowace tsaga yana ƙara buɗe ta, masu wucewa na cewa birkila ya zare, an ce ya toshe yana faɗaɗawa. Shi ya san in bai buɗe ba siminti ba zai shiga ya kama ba. Ya wanke ƙurar, ya cike da siminti haɗe da maganin hana ruwa, ya yi sabon daɓe mai gangara zuwa bakin indararo, ya cike gindin rawani ya zagaye shi don kada ruwa ya sami lungun kwanciya. Kullum ya zo ya ba daɓen ruwa kada ya tsage. Abokan sana'arsa suka ce ya yanke rodin nan ya huta, ta nan ruwa ke shiga. Aka gaya wa Inna, ta aiko ta ce wanda ya yanke rodin Malam ya yanke ta. Sai ya zauna ya kankare tsatsar kowane ɗaya da burushin waya, ya shafe su, ya yi wa gindinsu hula da siminti. Ya shiga ɗakin ya kankare na cikin rufin ma, ya mayar da filasta. Daga nan ya narka kwalta a rabin duro, cikin zafin bazarar da ƙafa ba ta taka kankare. Yana cikin shimfiɗawa bokiti ya goce, tafasasshiyar kwalta ta zubo masa daga gwiwar hannu zuwa yatsu. Fata ta tafi da ita. An ce ya kwanta, ya ce in kwalta ta huce a rabi, haɗin ba zai kama ba. Ya ɗaure hannun da tsumma ya ƙarasa da ɗayan. Da ya gama ya toshe indararo da tsumma, ya sa 'yan garuwa suka cika saman da ruwa, ya bar shi ya kwana biyu, yana shiga ɗakin yana shafa rufin da tafin hannu. Ko danshi babu. Ya zare tsumman, ruwa ya bi bututu ya fita tas. Har yau yatsunsa biyu ba sa lanƙwasuwa.

Lantana kuwa aiki biyu ta haɗa. Ita ke jinya: ita ke dama kunu ta kai ɗaki ta rufe ƙofa don uwar ta iya sha, ita ke gasa mata ƙirji, ita ta roƙi mijinta ya riƙa daɗewa a waje don tsohuwa ta sake. Sau da yawa Inna ta ɗaure kayanta za ta gudu gida, Lantana ta kwance. In ta ba ta magani ta ga barci ya ɗauke ta, sai ta ɗaura mayafi a ƙugu ta tafi gidan. Ta nemo mai fentin nan da ta gwasale, ta ba shi haƙuri, ta ce ya koya mata. Ya ce a kankare duka har a ga siminti, kada a bar ko ɓarɓashi. Ta ce ita ta sa aka shafa, ita za ta cire. Ta kama ƙarfen kankara, ruwan madara ya fita, ruwan hoda ya fita, kore ya fita, kowace Sallah da ɓawonta. A ƙasa bango baƙi, ruɓaɓɓe, wani wurin filastar na marmashewa a hannu, ta kira Ɗanlami ya sake. Ta wanke funfunar da magani har idonta ya yi ja, ta buɗe tagogi, ta bar bangon tsirara ya sha iska. Mai fentin ya nuna mata dabara: ta manna leda a jikin bango ta liƙe gefunan, in ta dawo ta ga ledar ta yi gumi ta ciki, bango bai bushe ba. Sallah ta matso, leda na gumi. Yayyenta suka zo da bokitan fenti suka ce an gama sama, a shafa Inna ta yi Sallah a ɗakinta. Inna da kanta ta yi kuka ta ce a shafa. Lantana ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Yaya, wallahi sai dai ku shafa a jikina." Suka yi fushi, uwar ta daina yi mata magana. Ranar Sallah dangin mijinta suka ce sai sun biya sun ga gidan sun yi jaje. Yayar mijin ta ƙare wa bangon kallo ta taɓe baki ta ce, "Ashe haka gidan naku yake daga ciki?" Lantana ta ce, "Haka yake, Yaya. Da ma haka yake, ni ce nake rufe muku ido." Sai da leda ta fito a bushe ƙayau, sannan ta sa aka shafa fentin share fage, aka bi da fentin ruwa, wanda bango ke numfashi ta cikinsa.

Inna Yalwa ta koma ɗakinta hadari na haɗuwa a gabas. Ruwan farko da ya sauko, da hantsi ne, ta tashi ta jera kwanoninta a ƙasa, don hannu ya saba. Aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, ta zauna tana kallon su. Ba ɗigo. Ta ji ruwa na gudu cikin bututu ta baya. Ta kwashe kwanonin ta goge, ta mayar cikin kabad, ta zauna bakin gado ta yi kukanta ita kaɗai. Tarin ya ragu, ta fara cin tuwo.

Da a nan labarin ya tsaya da ban yi tsaki na ƙarshe ba. Wani tsohon magini da ya yi aikin gidan tun farko ya zo ya duba, ya ce an yi aiki, amma kwalta tana da shekarunta, rana na cin ta. Maganin dindindin shi ne a ɗora benen nan a rufe da kwanon rufi, ruwa ya daina taɓa kankaren. Ya ce ginshiƙan za su ɗauki mazaunin iyali ɗaya, ba biyu ba. Inna ta ce to, ita ma ta gaji da zama ita kaɗai, ranar da rufi ya faɗo maƙwabta ne suka ɗaga ta. Ta ce za ta ba da saman kyauta ga ɗaya daga cikinsu, ya gina ya zauna a kanta, kuma wanda ya fi taimakon ta a wannan aiki shi za ta ba. Duk suna so. Mazan sun gaji da haya, Lantana kuma an yi wa mijinta canjin wurin aiki zuwa kudu, ya yarda ta zauna kusa da uwarta da yara.

Sallau ya ce, "Inna, da ban durƙusa ba, da har yau tafki ne a samanki. Kwalta a ƙarƙashin ruwan da ba shi da mafita, damina nawa za ta yi? Ni mutuncina na ba da, kuma shi ba a sayo shi a kasuwa." Ɗanlami ya ɗaga hannunsa ya ce, "Wa ya toshe indararon tun farko? Inna, ko an buɗe hanya goma, rufin da ya tsage yoyo zai yi. Ga hannuna, da shi nake ci, dubi yadda ya koma. Kuma rodin da ake rabo a kai, ni na tsirar da shi." Lantana ta ce, "Wa ya shuka itace a kan uwarsa? Ku sama kuka gyara, ni mai ɗakin na riƙe. Da na bar ku kun shafa fentin nan kan danshi, da ɗakin ya yi kyau, an fitar da ita a makara." Su biyun suka haɗa baki suka ce, "Wa ya rufe tsagar da ta kusa kashe ta?"

Kun ji fa. Kowa ya ɓata, kowa ya gyara. Cire na ɗaya a cikinsu, da tsohuwar nan ba ta kai damina ba. Inna ta dube su ta shiga lissafi. In ta ba babban, a ce don ɗan fari ne. In ta ba na tsakiya, a ce kamun wurinsa da yashi ya yi amfani. In ta ba auta, a ce son kai irin na uwa da 'yarta. Ta aika a tambayi Malam Gide, ya ce shi dai ruwa ya sami hanya, kada a sa shi a wata sabuwa. Unguwa ta rabu uku. Ta Sallah ta ce har ta baro Funtuwa ba a yanke ba: 'ya'yan sun koma gaisuwa sama-sama, tsohuwa na kwana ita kaɗai, rana na cin kwalta, rodin Malam Tanko na tsaye da hulunansa. Na ce mata, "Ke wa za ki ba?" Ta ɗaure mini jelar ƙarshe ta ce ita kitso aka kira ta.

Washegari da safe, ko karyawa ban yi ba, na sa aka jingina mini tsani, na ɗaure zane na hau saman gidan nan da muke ciki, ina hawa gwiwoyina na ƙara. Matan gida na ta salati a ƙasa wai zan faɗo. Na zira muciya cikin indararonmu. Na fito da ledoji, da ganye, da silifa wari ɗaya, da ƙwallon ɗayanku, kuma na san mai ita. Na zuba ruwa buta guda na tsaya har na ji saukarsa a ƙasa, sannan na sauko.

Nawa ke nan. Saura naku. Ga wanda ya zubar da girmansa ya buɗe wa ruwa hanya, ga wanda ya ba da hannunsa ya rufe sama, ga wadda ta riƙe ran uwar ta tone asirin bango ta hana a rufe shi da danshi, kuma ba ɗaya a cikinsu da hannunsa ke da tsabta a ɓarnar farko. To, ku gaya mini, wa Inna Yalwa za ta ba saman ɗakinta?